Gurbi Arba'in da Biyu

Illela, 6 ga Safar

Takarda ta fito daga hannun Attahiru ɗan Lawwali zuwa ga ƙanena Malam Halilu, mai yi wa Bature rubutu a Sakkwato. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina gajiya, ina iyali, ina zafi? Mu nan lafiya lau. Ɗiyarka Hindatu na gaishe ka, ita ce ma ke riƙe da alƙalami, ina faɗi tana rubutawa, don ta fi ni kyan hannu kuma tun da ta gama takaba zaman gida ya ishe ta.

Bayan haka, akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya. Ka san Na'Allah mai kanwa, mutumin Birnin Ƙonni, wanda munka shekara ashirin da shida muna buga dara gindin gawon ƙofar gidana. Ko da Nasara sunka kafa turakunsu na iyaka tsakaninmu, shi ya koma na Faransi ni na koma na Ingilishi, bai taɓa fashin kasuwa ɗaya ba. Da hantsi ya sauke kanwarsa, kafin azahar ya sallami jakuna, sai ka gan shi ya naɗe riga ya zauna gabana.

Kai da ba ka taɓa tsugunawa bakin dara ba, bari in tuna maka. Gurbi talatin ake tonawa a ƙasa, layi biyar, kowane layi shida. Ni ina da kara goma sha biyu, shi yana da tsakuwa goma sha biyu. In an gama dasawa sai a riƙa gusawa gurbi ɗai ɗai, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokinsa guda. In kowa ya tare kowa, ko magariba ta yi ba a ƙare ba, sai a share gurabe a tashi canjaras, ba wanda ya ci.

To, kasuwa tara ke nan a jere muna tashi canjaras. Tara, Halilu! Mutumin da a da in ya ga ƙofa ko ta tsinke ce sai ya kutsa, har ya yi ta ƙyaƙyata dariya yana buga cinya, yanzu ya zama mai haƙuri. Sai ya ɗauki tsakuwa ya yi ta juyi da ita, ya aje ta inda ba ta cutar kowa. Na ce masa, “Na'Allah, mi ya same ka, tsufa?” Ya ce, “Hannunka ne ya ƙara nauyi, Sarkin Dara.” Ban yarda ba. Na san hannuna, kuma na san nasa.

Ka san al'adarmu ta nan: wanda ya cinye Sarkin Dara sau uku a jere gaban jama'a, shi ke ɗaukar jakar 'ya'yan dara da sunan duka. Shekara goma sha huɗu jakar nan tana rataye a zaurena, kuma ba wanda ya fi Na'Allah kwaɗayinta. Mi zai sa ya daina nema? Tambayarsa kai tsaye ba ta yiwuwa, don ba a ce wa namiji “sassauta mini kake yi?” Amma na samo dabara. Gurbi talatin ya yi matsi, gida shida kaɗai ke zama babu kowa, shi ya sa tarewa ke da sauƙi. Zan sake girman filin, in ga inda zai ɓuya.

Ka gai da Ummu da yara. Haza wassalam.

*

Sakkwato, 15 ga Safar

Daga Halilu zuwa ga yayana kuma makwafin mahaifina, Malam Attahiru. Sallama da girmamawa da neman albarka. Takardarka ta iso, na karanta, na gode wa Allah da jin lafiyarku.

Amma ba'du, Yaya, ka san ra'ayina game da tonon ƙasa da tsinke ga mutum mai furfura, ba zan maimaita ba. Sai dai wani abu cikin zancenka ya hana ni sukuni, kuma ina roƙo ka dube shi da idon basira. Mutum ya ƙetaro daga ƙasar Faransi, ya sallami hajarsa da wuri, sannan ya ja wasa har magariba da gangan. Ni ba wasan nike kallo ba, zaman nike kallo. Gawon ƙofar gidanka yana duban hanyar Lafani, ko na manta? Kuma a Lafani ka sauke Abu da mutanensa bakwai, waɗanda sunka gudo daga aikin tilas na Faransi, ka ba su gonarka ta fadama.

Labari ya zo nan cewa Faransi suna aiko mutane kasuwannin iyaka, su zauna kamar masu ciniki, su ƙidaya waɗanda sunka gudo, su koma su faɗi inda suke. Baturen da nike wa rubutu ya ce duk wanda ya san irin waɗannan ya kawo suna. Tun tawayen da anka yi wa Nasara a Satiru ba ya wasa da baƙon da ke yawan zama.

Ban ce Na'Allah ne ba. Na ce ka lura da inda idonsa ke zuwa in wasa ya tsaya. In ka ga abin da ya kamata in sani, layi ɗaya ya isa.

Allah ya ƙara girma. Ina gai da ɗiyata Hindatu. Wassalam.

*

Illela, 4 ga Rabi'ul Awwal

Daga Attahiru zuwa ga ƙanena Halilu. Gaisuwa da fatan kun tashi lafiya.

Haba Halilu! Zaman ofis ya lalata ka. Mutumin da ya yi wa uwar Hindatu salla, ya shiga kabarinta da ƙafarsa, shi za ka kira ɗan leƙen asiri? Na yi kwana biyu ban so a ambaci sunanka ba. Amma bari in ba ka labarin gwajin da na yi, don shi ma bai bar ni na huta ba.

Na sa Dabo maƙeri da Maharazu majemi, waɗanda ƙarfinsu ɗaya a dara, su buga mini wasa goma goma a fili iri iri, ni ina zaune ina saurare, kowa da 'ya'yansa goma sha biyu. Da farko na rage, na tona biyar sau biyar, gurbi ashirin da biyar. Tabɗi! Gida ɗaya tak ya rage babu kowa, sai ka ce mutane cikin rumbu, ba mai motsi. Tara cikin goma canjaras. A gurbi talatin na gado, uku cikin goma. Shida sau shida, ɗaya kacal. Sai na zarce, na tona takwas sau takwas, ina cewa na gama da canjaras har abada. Ashe wauta na yi. Fili ya yi yawa, 'ya'ya sun warwatse, kafin mutum ya tattaro uku wuri ɗaya liman ya kira salla. Maharazu ya ce in ba zan ba su abincin tafiya ba shi ya daina.

Sai na dawo shida sau bakwai, gurbi arba'in da biyu. Nan ne maganin. Gida goma sha takwas a buɗe, ba ka iya tare ko'ina, kuma ba nisan da zai hana a haɗu. Wasa goma, goma duka an samu wanda ya ci, kowane kafin la'asar. Na ƙara musu biyar don in tabbata, haka dai. Wallahi ranar na ji daɗin kaina.

Ranar kasuwa Na'Allah ya zo ya tarar da sabon fili. Ya tsaya ya daɗe yana dubansa, ya ce, “Wanga fa ya yi faɗi, Sarkin Dara. Mu koma na iyayenmu.” Na ce ina, nan za a yi. Jama'a sun taru har da masu tallan fura. Ka san yadda anka ƙare? Magariba. Canjaras. Kasuwa ta biyu ma haka. A filin da maƙeri da majemi ba su iya canjaras ko sun so, gwanin Ƙonni ya yi shi sau biyu. Wannan ba tsufa ba ne, aiki ne, kuma aiki mai wuya. Na ji shi yana nishi yana share gumi, yana neman inda zai zubar da 'ya'yansa don kada ya yi mini rata.

Kuma tun da ka sa mini abin a rai, na lura. In na miƙa hannu zan gusa kara, sai ya juya kai ya kafa wa hanyar Lafani ido, ya daɗe bai waiwayo ba. Ba sau ɗaya ba, ba sau biyar ba. Na tambayi Dabo ko shi ma ya gani, sai ya kama in-ina, ya ce wuta na jiransa a maƙera. Kowa na ƙofar gidan nan ya koma yi mini magana rabi da rabi, har wagga da ke rubutawa, ga ta nan tana cewa wai in bar zancen. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina jin tsoro, ban ɓoye maka ba.

Suna dai ban ba ka ba. Wassalam.

*

Illela, 13 ga Rabi'ul Awwal

Daga Attahiru zuwa ga Halilu. Gaisuwa. Za ka ga hannu ya sake. Malam Mukhtari na masallaci ne ke rubuta mini, don Hindatu ta aje alƙalami ta ce ita ba da ita ba, ta shige ɗaki tana kuka. Ban san ɗiyar da na haifa za ta yi mini gardama gaban baƙo ba.

Abin da muke tsoro ya auku. Shekaranjiya, kashegarin kasuwa, mutum huɗu na Faransi sunka ƙetaro daga Ƙonni, sunka nufi fadamata ta Lafani kai tsaye ba su tambayi kowa hanya ba. Sun tarar da Hamidu, babban ɗan Abu, yana sassabe, sun ɗaure shi sun tafi da shi gaban matarsa. Abu ya zo ya faɗi ƙofar gidana yana cewa amanata ce ya shigo. Mi zan ce masa?

Jiya na zauna na haɗa abin da na sani. Mutum ya zauna gabana har magariba a filin da ba a kai magariba. Idonsa kan hanyar Lafani. Da safe an ɗauke mutum a Lafani. In akwai wata fassara, ni ban gan ta ba.

Rubuta wa Bature: Na'Allah ɗan Hasana, mai kanwa, na Birnin Ƙonni, dogo, mai jakuna biyar. Yana shigowa ta turken gabas ranar kasuwa da hantsi. Allah ya sani ban so haka ba.

Wassalam.

*

Illela, 14 ga Rabi'ul Awwal

Daga ɗiyarka Hindatu zuwa ga Baffana Malam Halilu. Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gai da Inna Ummu. Ka yafe mini rubuto maka ba da sanin Baba ba. Na ba wani mai raƙumi wagga takarda, ya ce zai yi sauri. Don Allah Baffa, in ta riga waccan shiga hannun Bature, ka yage waccan.

Baba ba ya gani sosai. Tun bara yanar ido ta fara rufe masa gani, na dama ya fi. Abin da ke kusa da gwiwarsa yana ganinsa, layin da ke gaban abokin wasa kuwa sai dai inuwa. Shi ya sa nike masa rubutu, ba don kyan hannu ba. Bai taɓa faɗi ba, kuma ina jin ko kansa bai faɗa wa ba. Ka san shi, ranar da na ce a nemo magani kwana uku bai ci tuwona ba.

Baba Na'Allah ne ya fara ganewa. Ya aiko matar Dabo ta same ni, ya ce in dubi Allah in yi shiru. Ya ce shekara goma sha huɗu yana neman jakar nan, amma ba zai karɓe ta daga hannun mutumin da ba ya ganin tsakuwarsa ba, kuma ba zai faɗi da gangan ba don Baba zai gane nan take. Abin da ya rage masa shi ne canjaras. Su Dabo da Maharazu da duk masu zama gindin gawo sun sani, kowa ya kama bakinsa. Har kwallin da nike ba Baba da safe, shi ke kawo shi daga Ƙonni, da magani a ciki.

Maganar hanyar Lafani kuwa, Baffa, na leƙa ta zaure na gani da idona. Baba kan miƙa hannu ya lalubi gurbi, wani lokaci ya soka kara tsakanin gurbi biyu, ko cikin gidan da akwai tsakuwa. A dokar wasa wannan faɗuwa ce. Sai Baba Na'Allah ya kau da kai don a ce bai gani ba, Dabo ya sa yatsa ya gyara. Da Baba ya faɗaɗa filin abin ya ƙara muni, don yanzu layi biyu cur ba ya gani. Shi yana murna ya toshe wa abokinsa mafaka, alhali wahala ya ƙara masa.

Jiya na so in faɗa masa, na buɗe baki na ga Malam Mukhtari zaune, na kasa ce wa ubana makaho gaban mutane. Bayan ya tafi kuma Baba ya ce kada in sake shiga zancen maza. Laifina ne, na yi shiru ya yi yawa. Ka taimake ni, Baffa.

Ɗiyarka mai biyayya, Hindatu.

*

Sakkwato, 2 ga Rabi'us Sani

Daga Halilu zuwa ga yayana Malam Attahiru. Sallama da neman gafara. Hindatu, ke za ki karanta masa, na sani. Ki fara da kwafin takardarki da na haɗo da wagga, ki karanta masa duka, kada ki tsallake layi ko ɗaya. Ni na umurce ki, in akwai faɗa a yi da ni.

Yaya, takardar Hindatu ta iso kwana biyu bayan taka. Taka kuwa a ranar da ta zo na shigar da sunan cikin littafi da hannuna, manzo ya hau doki kafin la'asar. Kun riga ni sanin sauran: an kama Na'Allah a turken gabas gaban 'yan kasuwa, an kawo shi nan a ƙasa da marin ƙarfe a ƙafa. Ya kwana goma sha ɗaya a tsare. An tambaye shi mi ke zaunar da shi ƙofar gidanka har magariba, ya ce dara. An ce mi ya sa ba ya cin wasan, ya ce a tambayi Sarkin Dara, shi ba ya zancen abokinsa a bayan idonsa. Ina wurin ina rubutawa, kuma ban iya ɗaga kai ba.

Wanda ya nuna fadamarka an gano shi, surukin Abu ne da ya rage a Ƙonni. Na yi ta kai da komo har anka saki Na'Allah, amma sunan da ya shiga littafin Bature ba ya fita. An hana shi ƙetare turaku har sai abin da hali ya yi, in an gan shi kasuwar Illela a sake kama shi.

Ni na fara sa maka wanga zato, ban manta ba. Ka yafe mini in za ka iya. Wassalam.

*

Illela, 11 ga Rabi'us Sani

Daga Attahiru ɗan Lawwali zuwa ga Na'Allah a Birnin Ƙonni. Sallama. Ina ƙafa, ina iyali? Ban san ko ina da bakin tambaya ba.

Ni na ba da sunanka. Ba Halilu ba, ba kowa ba, ni. Na faɗi tsawonka da yawan jakunanka da turken da kake shigowa. Ina so ka ji daga gare ni kafin ka ji a kasuwa.

An karanta mini komi. Na kwana uku ban fita ƙofar gida ba. Ba idon ke ƙona ni ba, ido na Allah ne. Abin da ke ƙona ni, na zauna shekara guda ina cika baki, ina ƙirƙiro filaye, gari duka na kallona ina soka kara a tudu. Na ji haushinka, Na'Allah, ban ɓoye maka ba, har yanzu ma da saura. Amma kai kunya ka rufa mini, ni kuwa mari na sa maka.

Ga roƙona. An hana ka ƙetarowa, ba a hana ka zuwa gindin turke ba. Ranar kasuwa mai zuwa Hindatu za ta sa a kai ni can. Ka zauna ɓangarenka in zauna nawa, a tona gurabe tsakani, Dabo ya riƙa faɗa mini inda tsakuwarka take da babbar murya, kowa ya ji. Ka buga da dukkan ƙarfinka. Ka cinye ni sau uku gaban mutanen Illela da na Ƙonni, ka ɗauki abin da ya daɗe da zama naka. Ba ni da wani abin da zan iya ba ka.

Ina jiran amsa. Wassalam.

*

Birnin Ƙonni, 16 ga Rabi'us Sani

Daga Na'Allah zuwa ga Malam Attahiru. Wa alaikumus salam. Ƙafa da sauƙi, na fara taka ta. Jakuna biyu sun ɓace ranar da anka kama ni, ukun suna nan.

An karanta mini takardarka sau biyu. Ba ni zuwa. Ba fushi ba ne kaɗai, ko da yake akwai shi. Wasa da kai nike so, kuma shi ne ba ya yiwuwa yanzu. Duk ɗan da na cire maka za ka ce ramuwa ce, duk wanda na bari za ka ce tausayi ne, kuma ni kaina ba zan san wanne ne ba.

Akwai wani mai sakiyar ido, mai soke yanar ido da allura, da ke bin kasuwanni, gajere, mai jar hula. Ya bar nan jiya, an ce Illela ya nufa. Kada ka bari ya taɓa ka, mutum biyu ya ƙarasa makantarwa a nan. Na san halinka in an hana ka abu, don haka Hindatu nike faɗa wa.

Ka gai da su Dabo. Wassalam.